Ƙwaryar 'Yar Fari a Kasuwar Lolo

Tun ruwan damina bai gama ja da baya ba, a shekarar da Turawa suka ce za su miƙa mulki, labari ya ƙetara iyaka ya iso Madekali cewa za a yi biki a kasuwar Lolo irin wanda ido bai taɓa gani ba. Ba kiɗa da rawa kaɗai ba. An ce za a kafa doguwar rumfa a tara masu aikin hannu, masaƙa da dukawa da maƙera da mata masu zanen ƙwarya, kowa ya baje abin da hannunsa ya iya ya sayar, sa'an nan waɗanda aikinsu ya fi a ɗauke su cikin mota zuwa babban baje koli na birni. Mutanen Madekali, waɗanda suka karɓi nasu 'yancin daga hannun Faransa tun tsakiyar damina kuma ba su ga abin da ya ƙaru a tukunyarsu ba, suka yi ta dariya. Saratu ba ta yi dariya ba. Cikin dukan labarin abu guda ya shiga kunnenta: an ce Dela ta garin Matsinkai za ta zo.

Dela ita ta haife ta.

Saratu 'yar fari ce. Ranar da aka yaye ta, ƙanwar mahaifinta, Gwaggo Lami, wadda ke aure a Madekali ta ƙasar Dahome kuma Allah bai ba ta haihuwa ba, ta goya ta a baya ta wuce da ita. Dela kuwa Bafulatana ce ta asali, irin waɗanda suka riƙe kunyar ɗan fari da haƙoransu. Ba ta faɗin sunan yarinyar, ba ta haɗa ido da ita, ba ta zama tabarma ɗaya da ita. In ta kama dole sai ta ce "waccan". Saratu ta san wannan al'ada ce, kowa ya sani, an sha gaya mata tun tana ƙarama. Amma wayyo zuciya! Ita ba a yi mata bayani ta ji. Yarinya ta girma da ƙishi guda a maƙogwaronta: wata rana uwarta ta ɗago kai ta dube ta, ta kira sunanta, ko da sau ɗaya ne a duniya.

Wannan ƙishin ne ya koya mata sana'a. Ƙoren Dela sun yi suna daga Bagudo har hayin Kwara, kuma duk Bafulatanar da ta shigo Madekali da nono a cikin ɗaya daga cikinsu, Saratu na gane hannun tun daga nesa. Sai ta tsugunna kamar mai sayen nono, ta bi zanen da ɗan yatsa, layi bayan layi, kamar mai shafar fuskar da aka hana ta taɓawa. In ta koma gida ta sa ƙarfe a garwashi har ya yi ja, ta kwaikwaya a kan fasassun sakaina. Yatsunta duk tabon ƙuna ne. Gwaggo Lami ta yi faɗa har ta gaji, ta koma tana hura mata wutar.

Don wannan biki Saratu ta fafe wani babban masaki daga duman da ita da kanta ta shuka a kan danga. Ta kankare shi har ya yi santsi kamar kuncin jariri. Ta zana kogi ya kewaye shi, da jiragen masunta, da shanu suna iyo kawunansu kaɗai a sama, da balbelu a kan gonar shinkafa. A bakinsa kuma ta jera siraran layukan nan masu kama da yayyafi, waɗanda duk ƙasar ta san na Dela ne. Ta goge shi da farar ƙasa, baƙin zanen ya fito kamar zai yi magana.

Ranar biki suka iso Lolo da hantsi, ita da Gwaggo Lami, kayan a kan jaki. Kasuwa ta cika ta batse. Tutoci kore da fari a kan kowace rumfa, 'yan makaranta na waƙar da ba su san ma'anarta ba, ƙamshin soyayyen kifi da ƙosai ya gauraya da na ɗanyar fata. Zabarmawa sun sauko ta Dole Kaina cikin jirage, Yarbawa sun baje atamfa, makaɗa na neman wanda za su wasa. A bakin doguwar rumfa wani saurayi ke tsaye yana nuna wa kowa wurinsa, Malam Bunyaminu, tafintan kwamitin biki, cikin farar riga da sabon takalmi wanda kowa ke gani yana cizonsa. Shi ya nuna wa Saratu inda za ta shimfiɗa tabarmarta, kuma da ta ɗago kai sai ga ta daura da uwarta.

Doguwa ce Dela, siririya, gashinta ya fara furfura a gefen kunne. Kusa da ita autarta Asma'u na zaune da nata ƙananan ƙoƙuna. Saratu ta ƙetara, ta durƙusa har ƙasa.

"Inna, ina kwana."

Dela ta dubi ginshiƙin rumfa kamar shi ya gaishe ta. Sa'an nan ta juya ga Gwaggo Lami. "Lami, kun taho lahiya? Ya hanya, ya ruwa?" Suka gaisa doguwar gaisuwa, har da jaki aka tambaya. Can ƙarshe Dela ta ce, idonta na kan ginshiƙin nan, "A hwaɗa ma waccan ta ja kayanta ciki. Rana na hwasa ƙwarya."

Gwaggo Lami ta mintsini Saratu suna komawa. "Kin jiya? Tun ba ki zamna ba ta ga inda rana za ta sauka. Wagga ita ce kulawa."

"Da ginshiƙi take magana, Gwaggo."

"To ginshiƙin shi na da ƙwarya?"

Asma'u ta leƙo daga bayan uwarta tana murmushi. "Yaya 'yar Faransa! An ce can wurinku da cokali kuke zane, shi ya sa kifinki ya yi kama da bulala."

"Ke dai riƙe ƙoƙunanki, kar iska ya kwashe su a ce an huta," in ji Saratu. Aka yi dariya. Amma dariyarta ta yanke sa'ad da ta ji Dela ta ce, "Asma'u, bar surutu, miƙo mini faifan can." Asma'u! Haka nan kawai, a sauƙaƙe, kamar mai shan ruwa. Sunan ya faɗo daga bakin Dela ba wahala, ya wuce ta gaban Saratu kamar abincin da aka kai wa wani.

Kafin azahar tabarmar Saratu ta zama wurin tsayawa. Ludayai suka ƙare, ƙoƙuna suka ragu. Amma duk wanda ya tsaya, masakin nan yake kallo. Wani Bazabarme mai fataucin kanwa ya tsugunna ya juya shi, ya ƙara juyawa.

"Yarinya, yi mini suna."

"Ba na saidawa ba ne, Baba."

"To mi ya kawo shi kasuwa? Shan iska?"

"Akwai mai shi. Ba ta gan shi ba tukuna."

Ya tashi yana kaɗa kai. Saratu ta gyara wa masakin zama, ta juya gefen da ya fi kyau ya fuskanci tabarmar Dela. Dela na ciniki, tana dariya da masu saye, tana duban gabas, tana duban yamma, tana duban sama in tsuntsu ya gitta. Wuri guda ne kaɗai a duk kasuwar Lolo idonta bai sauka ba.

Bayan azahar aka ji tafi daga bakin rumfa. Baturiyar da kwamiti ya ɗora wa zaɓen kaya ta iso, riƙe da laima, fuskarta ta yi ja kamar gauta. Mace ce mai fara'a, ta kuma faɗi gaskiya tun farko cewa ita ba ta san ƙwarya ba, don haka aka ce Dela, wadda ba mai musun gwanintarta, ta zama idonta a layin masu zane. Suka taho su uku, Baturiya a gaba, Malam Bunyaminu na ɗingishi a gefenta, Dela a baya. Duk tabarmar da suka tsaya, Dela ta ɗauki ƙwarya ta ƙwanƙwasa ta ji amonta, ta bi zanen da farce, ta faɗi gaskiyarta. "Wagga hannunta na da nauyi." "Wagga ta yi gaggawa, wuta ta ci mata baki." "Wagga ta iya." Malam na juyawa da Turanci.

Suka iso gaban Saratu.

Baturiya ta yar da laimarta. Ta durƙusa a kan gwiwoyinta cikin ƙasa, ta ɗauki masakin da hannu biyu, ta juya shi a hankali tana bin kogin har ya dawo inda ya faro. Ta faɗi wata kalma da muryar wanda ya ga jinjirin wata. Sa'an nan ta ɗago ta dubi Dela.

"Tana tambaya," in ji Malam Bunyaminu, "mi kika gani game da wannan?"

Saratu ta kafa wa uwarta ido. Ga ranar! Ga lokacin da ta ƙone yatsunta dominsa! Yanzu ba gudu, an tambaya gaban jama'a, dole ta duba.

Dela ta dubi ƙafafunta. Ta dubi tutar da ke kaɗawa a can.

"Wasan yara na," ta ce. "A aje shi."

Matan Matsinkai da ke kusa suka rufe baki da gefen mayafi suna ƙyaƙyatawa. Wata tsohuwa mai saida tabarmi ta ce a hankali, "Allah sarki, yau kunya za ta kashe Dela. Ku dubi kunnenta yadda shike rawa." Duk wanda ya san su ya gane. Da aikin banza ne, da Dela ta ɗauka ta faɗi aibinsa kamar na kowa. Uwa ba ta yabon 'yar fari gaban mutane, kuma gwargwadon girman abin alfaharin, gwargwadon yadda za ta ƙasƙantar da shi.

Amma Malam Bunyaminu ya juya maganar da Turanci kamar yadda ta fito, bai ƙara ba bai rage ba.

Fuskar Baturiya ta sauya. Ta sake duban masakin, kamar wadda aka kama tana sha'awar abin kunya. Don ta tabbatar, ta miƙa wa Dela shi. Dela ta mai da hannuwanta biyu baya ta riƙe su gam. Shi ke nan. Gwanar da ta taɓa kowace ƙwarya a layin nan ta ƙi ko taɓa wannan. Baturiya ta ajiye shi, ta ciro hankici ta goge farar ƙasar da ta shafe mata tafi, ta ɗauki laimarta. Da suka ƙetara zuwa tabarmar Asma'u, Baturiya ta nuna wani ƙoƙo mai zanen taurari, Dela ta yi murmushi ta ce, "Auta ta, tana ƙoƙari." Aka juya wannan ma da Turanci. Aka ɗauki ƙoƙon Asma'u.

Ba a jima ba 'yan doka suka shigo suna cewa waɗanda ba a zaɓa ba su fita daga rumfa, za a ɗauki hoto. Saratu ta kwashe kayanta ta koma can wajen turken jakuna, cikin rana. Da ta hango Malam Bunyaminu ya fito ya jingina da bango ya cire takalmi ɗaya yana shafa diddige, ta ruga ta durƙusa gabansa.

"Malam, don Allah, don Annabi. Ita ta haihe ni. Ni ce ta hwari. Ka san abin da ya sa ta hwaɗi haka nan. Koma ka gaya ma Baturiya, ta sake tambayarta."

Ya dube ta daga sama. "Na sani. Ni ma ɗan fari ne."

"To ka gaya mata!"

"Yau? Ranar da muke karɓar ƙasarmu? In tsaya gaban Baturiya in ce mata a nan uwa ba ta iya duban ɗiyarta, ba ta iya faɗin sunanta? Ta koma ƙasarsu ta ba da labari ana dariya, a ce waɗannan ne za su riƙe kansu?" Ya tura ƙafarsa cikin takalmin yana cije leɓe. "Abin da aka ce na fassara. Tashi, kina ɓata mini riga da ƙura."

Maganar Dela kuwa ta riga ta zaga kasuwa, ta bar dalilinta a baya. Baƙin da ba su san ko su wane ne ba suka riƙa tsayawa suna nuni. Bazabarmen nan mai kanwa ya sake biyowa ya ce, "Ashe Allah ya tsare ni! Wasan yara na so in kai ma matata." Wata mata da ta sayi ludayi da safe ta dawo da shi ta jefa a tabarma. Saratu ta ɗauke shi ta mayar cikin kayanta. Hawaye na sauka kan yatsunta masu tabo.

Gwaggo Lami ta zauna kusa da ita ta rufa mata gefen zanenta don rana. "Ɗiyata, saurara. Duk wanda ya san Dela ya san yau ba wadda anka yaba kamarki. Ta ƙi taɓawa! Kin san mi ke nan? Da ta buɗe baki ta ce ya yi kyau, gobe duk Matsinkai a ce Dela ta tsuhwa ta zubar da kunya. Kuma bakin mutane ya hwaɗa kanki. Tsare ki ta yi."

"Ta tsare kanta dai."

"Kul! Uwarki ta."

"Ni ban ga uwa ba, Gwaggo. Kunya nike gani tana yawo da zane. Ba ni son kunyarta. Idonta nike so."

La'asar ta yi, inuwa ta miƙe, aka fara ɗaure kaya. Saratu ta hango Dela a bakin rumfa tana gyara wa Asma'u ɗaurin kallabi, tana yi mata nasihar tafiya birni, hannunta a kan kafaɗarta. Wani abu ya tsinke a ƙirjin Saratu. Ta ɗauki masakin ta miƙe. Gwaggo Lami ta kama gefen zanenta, ta fizge. Ta ratsa masu kifi, ta ratsa makaɗa, ta tsaya tsakiyar fili inda kowa zai ji, a tsaye, ba durƙuso.

"Dela!"

Kalangu ya yi shiru a hannun mai shi. Mata suka dafe ƙirji. Wace 'ya ce ke kiran uwarta da gatsal ɗin sunanta, a kasuwa, gaban surukai da baƙi?

"Dela ta Matsinkai! Da ke nike. Kin dubi ƙwaryar kowa. Dubi tawa!"

Hannun Dela ya sauka daga kafaɗar Asma'u. Sa'an nan a hankali ta juyo, ta ɗago kai, ta dubi Saratu tsakiyar ido.

Ashe idanunta masu ruwan ƙasa-ƙasa ne, kamar kogi da rani. Saratu ba ta taɓa sani ba.

Dela ta tako har gabanta. Ta miƙa hannu biyu ta karɓi masakin. Ta ƙwanƙwasa shi ta saurari amonsa, ta bi kogin da farce, ta tsaya kan shanun, ta tsaya kan layukan bakin. Ta ɗauki lokacinta kamar yadda ta yi wa na kowa.

"Saratu," ta ce, da murya sarai wadda ba ta rawa. "Aikinki ya yi kyau, Saratu. Ban ga kamarsa ba yau, ban kuwa ga kamarsa ba bara. Hannunki ya hi nawa."

Daɗi ya taso wa Saratu kamar ambaliya, har ta ji jiri. Sunanta! A bakin nan! Ta buɗe baki za ta yi dariya ko kuka, ita kanta ba ta sani ba, sai ta ji ihu a bayanta. Gwaggo Lami ce ta ɗora hannu biyu a ka, ta zube ƙasa tana cewa, "Wayyo Dela, kar ki yi haka! Yarinya ta, ba ta san abin da take ba! Dela, sadda kanki, don Allah sadda kanki!" Tsohuwa mai tabarmi ta juya baya tana salati. Asma'u ma, mai bakin tsiya, ta rufe fuska.

Sa'an nan ne Saratu ta gane. Ɗan farin da ka haifa shi kake jin kunya. Baƙo ba a jin kunyarsa. Ana dubansa, a kira sunansa, a yabi aikinsa.

"Inna," ta ce, muryarta ta koma ta ƙaramar yarinya. Ta durƙusa. "Inna, na tuba."

Dela ba ta kawar da ido ba. Ta ci gaba da dubanta, da fara'a irin ta kasuwa, wadda take yi wa duk mai tsayawa gaban tabarmarta. Ta miƙa mata masakin cikin ladabi.

"Riƙe abinki, kar shi hwaɗi. Daga wane gida kike, Saratu? In kin koma ki gaishe da mutanenku."

Ta juya ta kira autarta su tafi, mota na jira.